Kabad Daga Haraj

Ranar Juma'a bayan la'asar na same shi
a kasuwar Haraj, can kudancin Jidda,
jingine tsakanin fanka marar fiffike
da katifar da ta gaji da ɗaukar mutane.
Bayamanen ya ce riyal tamanin.
Na ce ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ce.
Muka tsaya a arba'in da biyar,
kowa na rantsuwa shi aka cuta.

Sammani ya ɗauko shi a bayan a-kori-kura.
Hawa uku muka yi da shi,
yana nishi, muna nishi.

A saman bene nake aiki,
inda iskar teku ke shigowa da gishirinta ba sallama.
Fentin kanti ya fi ƙarfin lalitata.
Nawa ragowar na bango ne da magina suka bari:
gwangwani uku na fenti, ɗaya na jibsi,
a fara dama garin da ruwa
kamar mai dama koko, hannu ba ya tsayawa.
Ranar da na fara koyo na yi gaggawa,
na juye gari tsagwaronsa,
ya yi gudaji, ya sandare a roba.
Har yau burushin na nan tsaye a ciki,
ya ƙi fita, ni kuma na ƙi yarwa.

Launin da ya fito ba shi da suna.
Jummala ta leƙo ta kan katanga,
ta ce sararin sama ne kafin assalatu,
ta koma ga shanyarta.

Abin da nake so da alli,
ba ya tambayar itace asalinsa.
Ba ya cewa ina igamarka, wa ya kawo ka.
Yana hawa kan zoben da kofin shayi ya bari,
kan ƙunar kaskon turare,
kan sunan da wani yaro ya kankara da ƙusa,
ya bushe kafin a idar da magariba,
taushi kamar bayan ƙwai.

Da na zaro durowar ƙasa zan wanke,
sai ga rubutun fensir a cikinta,
baƙaƙe rataye a layi kamar wanki a igiya,
ba ajami ba, ba boko ba.
Na rungume ta zuwa shagon Mizanur.
Ya goge tabarau da bakin riga.
Ya ce harshensu ne, lissafin aike gida:
wata kaza, ɗari huɗu.
Wata kaza, ɗari uku, ban da lafiya.
Shekara goma sha ɗaya, layi bisa layi.
Na ƙarshen ya karanta sau biyu:
kwano ya hau ɗaki, zan tafi.
Ya miƙo mini durowar,
ya ce yau madarar da na ɗauka kyauta ce.

Nan burushi bai taɓa ba.

Da shafi na biyu ya bushe
na bi gefe-gefe da samfefa
har tsohon itacen ya leƙo.
Muntari ya ce, Umma, ban gane ba,
kin sayo tsoho, kin mai da shi sabo,
yanzu kuma kina tsofar da shi?
Na ce miƙo mini kakin zuma.
In ya kai shekaruna ya gane,
ko kuma kada ya gane, ba laifi.

Ƙafa ta huɗu daga katakon akwatin dabino na yanko.
Ta ɗan fi sauran tsawo,
don haka kabad ɗin na karkata gabas.

Ni a nan aka yanke mini cibi.
Gumel kuwa a bakin kakata na san ta,
ba ni da ɗakin da ke jiran kwano a can.
Duk da haka na feƙe fensir,
na ajiye a durowar ƙasa.
Akwai sauran wuri, kamar faɗin tafin hannu,
a ƙarƙashin layinsa.